Dandamalin da Muntaka Ya Ɗaure

Muntaka mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masassaƙan kwale-kwale. Ya zo aikin Hajji a shekarar 1981, da aka gama ya bar jirgin komawa ya tashi ba shi, kamar yadda mutane da yawa suka yi a lokacin, ya gangaro Jidda ya kama ɗaki a unguwar Karantina. Shekara biyu yana dako a kasuwa kafin wani ya ji labarin ya iya katako, ya kai shi Abhur, can arewacin gari, inda teku ta yi dogon harshe ta shigo cikin ƙasa, inda masu hali suke ajiye jiragen shaƙatawarsu. A wata warsha ta gyaran jirage ya sami wurin zama. Ya tarar jiragen nan ba na icce ba ne irin na kogin Kwara, na faiba ne, wata irin roba mai tauri, amma a cikin faibar akwai katako, katako kuwa duk inda yake Muntaka ya san halinsa. Kafin shekara goma kowa a bakin ruwan nan Mu'allim yake ce masa, har Indiyawa da Yamanawan da suke aiki tare.

Amininsa guda ne, Na'ibi, mutumin Argungu. Gida ɗaya suke haya a Karantina, ɗakin Muntaka a bakin ƙofa, na Na'ibi da matarsa Zinariya a ƙurya, kuma mota ɗaya suke shiga kowace safiya. Na'ibi gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ya daɗe da toshewa saboda ruwa, shi ya sa in ana magana yake karkatar da kai kamar mai shakka. Aikinsa shi ne shiga ƙarƙashin jirage yana kankare gansakuka da 'yan katantanwar da suke manne musu. Sunan Na'ibi kuwa a masallacin bayan warsha ya samo shi, don duk ranar da liman bai zo ba shi ake turawa gaba. Matar Muntaka ta rasu a gida tun yana shekara biyar da zuwa, bai sake aure ba, saboda haka tuwonsa na yamma daga tukunyar Zinariya yake fitowa. Su biyun babu mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Sun saba da hakan kamar yadda mutum yake sabawa da ciwon gwiwa, ana tafiya da shi, sai dai a riƙa lura da inda ake taka ƙafa.

Wata Litinin cikin tsakiyar zafi na shekarar 1998, Na'ibi ya zo warsha jikinsa yana ɗigar ruwa, ya ce wa Muntaka dandamalin farin jirgin nan da Othman yake tuƙawa yana rawa. Dandamalin wani faffaɗan allo ne da ake kafawa a bayan jirgi, dab da ruwa, da ɗan tsani a jikinsa; ta nan masu iyo suke sauka, ta nan suke hawowa. Na'ibi ya ce da ya kama tsanin zai hau sai ya ji gefen dama ya biyo shi kaɗan, kamar haƙori mai girgiɗi.

Muntaka ya ɗauki sufana ya tafi. Othman yana cikin jirgin yana wanke kujeru. Shi Bahaushe ne haifaffen Jidda, kakansa ne ya zo a ƙasa tun zamanin da ake shekaru a hanya, yana da takardunsa cikakku, Hausarsa kuma rabinta Larabci ce. Jirgin ba nasa ba ne, na wani ɗan kasuwa ne da ba ya zuwa sai ƙarshen mako. Muntaka ya taka dandamalin, ya ji ya amsa. Ya buɗe murfin baya, ya kwanta rubda ciki ya zura kai da hannu cikin wurin da notunan suke. Noti shida ne, uku kowane gefe. Ya ƙwanƙwasa bangon da gindin sufana. Gefen hagu ya yi ƙara tas. Gefen dama ya yi wani dum-dum, irin na kankanar da ta wuce lokaci.

Nan take ya san abin da yake ciki. Ruwa ya daɗe yana bin ramukan ƙusoshin yana shiga, katakon da yake tsakiyar faibar ya ruɓe. Gyaran gaskiya shi ne a fitar da jirgin kan tudu, a yanke bangon daga ciki, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen, a bar shi ya bushe, a sa sabo. Aikin mako guda ne in an yi sauri. A ranar kuwa akwai jirage biyu a kan tudu suna jiransa, ga zafi, ga kuma mai jirgin da ya riga ya aiko cewa ran Alhamis da la'asar zai zo da iyalinsa.

Ya sa sufana ya ɗaure notunan dama. Na farko ya kama. Na biyu ya yi ta juyawa ba ya tsayawa, sai da ya ƙara masa zagaye huɗu ya ji ya ɗan cije. Ya fito ya sake taka dandamalin, rawar ta tsaya.

Othman ya dube shi ya ce, "Ya Mu'allim, zai ɗauka har Juma'a?"

Muntaka ya share gumi da gefen rigarsa. Ya yi tunanin yara ne za su hau, ba su da nauyi, ruwan cikin Abhur kuma kwance yake. Ya ce, "Zai ɗauka. Ran Asabar a fitar mini da shi."

Babu wanda ya matsa masa. Daga baya ya juya maganar ta kowace fuska yana neman wanda ya matsa masa, bai samu ba.

Ran Alhamis da hantsi Othman ya ta da inji don ya gwada, sai wata tsohuwar igiya da take yawo a ruwa ta naɗe farfela. Ya kira Na'ibi. Na'ibi ya sa gilashinsa na shiga ruwa, ya cije wuƙa a baki, ya sauka. Muntaka yana can kan tudu, ƙarƙashin rumfa, yana goge cikin wani jirgi, tsakaninsu bai fi taku hamsin ba. Na'ibi ya nutsa sau uku, a na ukun ya fito da igiyar a hannu yana dariya, ya jefa ta kan gadar da ake ɗaure jirage a jikinta. Ya kama tsanin da hannu biyu, ya ɗora ƙafa. Daidai nan wani babban jirgi ya wuce da gudu ta tsakiyar ruwan, igiyar ruwansa ta iso, ta ɗaga bayan farin jirgin sama da Na'ibi rataye a jiki. Gefen dama na dandamalin ya ɓalle. Na'ibi ya koma ruwa ta baya, jirgin ya sauko a kansa.

Muntaka bai ga wannan ba, ƙarar ya ji, wata ƙara marar ƙarfi kamar an karya rake, sannan muryar Othman. Kafin ya iso Othman ya riga ya faɗa ruwa da kayansa. Shi ma ya faɗa. Wurin yana da zurfi, ga ƙasan jirage sun tare haske. Sai a nutsewa ta huɗu hannunsa ya taɓa gashin mutum. Suka ɗago shi kan gada, suka matsa masa ƙirji, Othman yana hura masa iska yana kiran sunan Allah da Larabci. Akwai rauni a bayan kunnensa na dama, ba ma wani babba ba, jinin ma ruwa ya wanke. Ba su daina ba har wani tsohon Bayamane ya dafa kafaɗar Muntaka ya girgiza kai.

An riga an buga waya. Da aka hango motar hukuma tana shigowa ta ƙofar warsha, ma'aikatan da ba su da takarda suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Othman ya ce wa Muntaka ya tashi, shi zai tsaya, in aka kama shi a nan ba abin da zai ƙara wa mamacin. Muntaka ya tashi. Ya shiga ɗakin da ake ajiye fenti ya ja ƙofa, ya tsaya a tsakanin gwangwanaye da jiƙaƙƙun kaya a jikinsa, yana leƙe ta tsagar ƙofa. Ya ga an rufe amininsa da wani shuɗin tamfol. Ya ga ƙafafunsa a waje, tafinsu fari saboda daɗewa a ruwa. Ya ga an ɗauke shi, hannuwan da suka ɗauke shi babu ko ɗaya da ya taɓa gaisawa da shi.

Kwana tara gawar tana ɗakin sanyi na asibiti. Mutum marar iƙama mutuwarsa ma sai an nemo mata shaida. Othman ne ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. Da aka tambaye shi sunan mamacin sai ya rasa abin faɗi, don shi ma Na'ibi ya sani. Sai da Zinariya ta buɗe wani tsohon gwangwanin biskit ta ciro fasfon da ya mutu tun shekara goma sha biyar, sannan mutanen warsha suka ji sunansa na yanka Abdulghaffar. A rana ta goma aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ba a rubuta suna a kan kabari. Muntaka ya ƙirga layi da idonsa, na bakwai daga bango, na goma sha biyu a jere, ya san kuma nan da shekara guda ba zai iya nunawa ba.

Hukuma ta rubuta ƙaddara ce, haɗarin ruwa. Mutanen Karantina ma haka suka ce, suka yi ta zuwa gaisuwa, kuma bayan Zinariya babu wanda aka fi yi wa ta'aziyya kamar Muntaka. Ana riƙe hannunsa ana ce masa ya yi haƙuri, an san yadda suke. 'Yar Na'ibi guda, Madina, wadda take aure a unguwar Hindawiyya, ta dawo gidan don ta zauna da uwarta. Kowace yamma bayan magariba sai ta ajiye kwanon tuwo a bakin ƙofar Muntaka ta ce, "Ammi, ga abinci," wato baffa da Larabci. Yakan ɗauka ya shiga da shi, ya zauna ya sa shi gaba. Wani lokaci ya yi loma biyu. Sauran yakan kai wa wani tsoho makaho da yake zama a bakin masallaci, ya wanke kwanon ya mayar.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki aka fitar da farin jirgin kan tudu. Mai jirgin ya aiko a gyara. Othman ya sami Muntaka ya ce ya riga ya yi magana da wani Ba'indiye, shi zai yi aikin, ba sai Mu'allim ya ga abin ba. Muntaka ya ce babu wanda zai taɓa jirgin nan sai shi. Bai ɗaga murya ba, amma Othman bai sake ta da maganar ba.

Ya fara da kwance gefen hagu, wanda ya rage yana riƙe da dandamalin a karkace. Ya sauke allon ya jingine shi da bango, ya juya fuskarsa ta ciki don kada ya riƙa ganin tsanin. Sannan ya shiga cikin jirgin, ya kwanta a ramin nan na baya da ba ya ɗaukar mutum sai a naɗe, ya ja layi da alƙalami, ya sa injin yanka ya buɗe faibar daga ciki. Da ya ɗaga ɓawon sai wani wari ya bugo shi, warin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Katakon ya yi baƙi. Ya sa yatsa, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Bai ma buƙaci kurfi ba a wajen, da hannu ya riƙa kwasowa kamar jiƙaƙƙiyar dusa yana zubawa a bokiti.

A cikin dusar nan ya tsinci wasa ta noti na biyu, 'yar faranti ta ƙarfe da ake sa wa a bayan noti. Ta lanƙwashe kamar murfin kwalba. Ya duba ramin da ta fito, ya ga yadda ta nutse cikin ruɓaɓɓen katakon, ta murƙushe ɗan abin da ya rage mai ƙarfi, ta tsaga faibar ta waje. Zagaye huɗun nan da ya ƙara ran Litinin su suka yi wannan. Da bai taɓa notin ba, da dandamalin ya ci gaba da rawa, kowa ya riƙa hawa da hankali. Shi ne ya kashe rawar, ya bar ruɓar.

Ya daɗe a kwance a ramin, wasar a tafin hannunsa, rufin kwano yana ta zubo zafi. Aka kira sallar azahar, ya ji liman bai zo ba, ana ta jan wani Basudane ya shiga gaba yana nonnoƙewa.

Othman ya zo da la'asar ya leƙa ramin. Ya ga ramukan ƙusoshin na asali, babu ko ɗigon gam na hana ruwa a jikinsu, ya ce ka gani, tun daga wurin waɗanda suka kafa shi ne laifin, shekara takwas ruwa yana shiga, wannan ba aikin kwana uku ba ne. Ya faɗi haka da sauri, kamar mai son su biyun su yarda. Muntaka ya miƙa masa wasar. Othman ya juya ta, ya gane. Sannan ya ce shi ma ai ya ji amsar da yake so ya ji ne, shi ya sa bai sake tambaya ba. Kuma da ba Na'ibi ba, da la'asar ɗin ranar 'ya'yan mutane ne za su hau su huɗu. Halas, shi ke nan, in ji shi, a bar wa Allah, kada Mu'allim ya faɗa wa kowa, babu wanda maganar za ta amfana. Ya mayar masa da wasar ya tafi, bai gama wanke kujerun da ya zo wankewa ba.

Kwana huɗu Muntaka ya bar ramin a buɗe yana shan iska, kullum da safe ya shafa ya ji ko da sauran danshi. Bai tsaya a inda ruɓar ta ƙare ba, ya ƙara yanke taƙi guda cikin lafiyayyen katako ta kowane gefe. Gefen hagu da ya yi ƙara tas shi ma ya buɗe shi, ya tarar baƙin ya fara bin rami ɗaya, ya cire. Ya yanko sabon katako mai jure ruwa, hawa biyu, ya shafe kowace fuska da gam, ya manna, ya danne da sanduna. Ya shimfiɗa ƙyallen faiba hawa biyar, yana bin kowane hawa da buroshi har kumfar iska ta fita, ƙaiƙayin yana cin damatsansa. Da ya zo huda, ya huda ramukan da faɗi fiye da ƙusoshin, ya cika su da gam, ya bari ya daskare, ya sake hudawa ta tsakiyar gam ɗin, yadda ko ruwa ya shiga ba zai taɓa katako ba. A maimakon 'yan wasoshi ya sa maƙeri ya yanko masa faranti biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowanne ya kai tsawon kamu. Mai warsha ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce wannan ai gyaran jirgin yaƙi ne. Muntaka ya ci gaba da ɗaure ƙusoshinsa. Aikin mako guda ya ci kwana goma sha shida.

Ranar da aka mayar da jirgin ruwa ya ce wa Othman ya jira. Ya tuɓe riga ya sauka ta tsanin. Tun ranar Alhamis ɗin nan bai sake shiga ruwan ba. Ya kama tsanin da hannu biyu, ya saki duk nauyinsa, ya jijjiga da iyakar ƙarfinsa, ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Ya sa Othman da Yamanawa biyu suka tsaya a gefen dama su uku suna tsalle. Dandamalin ko gezau. Sai ya zauna a kansa, ƙafafunsa cikin ruwa, ya rufe fuska da hannu. Mutanen suka koma kan gada suka ba shi baya, kowa ya nemi abin yi.

Yammacin ranar, bayan la'asar, ya yi sallama a ƙofar Zinariya. Tana cikin takaba, saboda haka daga bayan labule ta amsa, shi kuma ya zauna a kan tabarmar da take bakin ƙofa. Madina tana gefe a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya so ya ce ta ba su wuri, sai ya ga ba shi da wannan ikon.

Ya faɗi komai daga farko. Yadda Na'ibi ya zo ya gaya masa, yadda ya ƙwanƙwasa ya ji ƙarar, ya kuma san ma'anarta, yadda ya ɗaure notin, abin da Othman ya tambaya da abin da ya amsa. Ya faɗi zancen ɗakin fenti ma, wanda bai yi niyyar faɗa ba. Yana magana yana kallon saƙar tabarma. Tun yana tsakiya ya ji ƙarar shinkafa a faranti ta tsaya.

Da ya gama, labulen bai motsa ba. Can Zinariya ta ce, "Malam Muntaka, na sani."

Ya ɗago kai.

Ta ce, "Ran Litinin ɗin da kuka dawo, yana cin abinci ya ce mini yau ya kusa faɗawa, allon bayan wani jirgi yana rawa. Na ce to ya kiyaye. Ya ce in kwantar da hankalina, ya gaya wa Muntaka, Muntaka ya gyara." Ta ɗan tsaya. "Da aka zo aka ce mini allon bayan jirgi ne, ban tambayi kowa wane jirgi ba."

Ya ce to abincin fa, kwana talatin da wani abu tana aiko masa. Ta ce shekara goma sha biyar mijinta ba ya sa hannu a kwano sai ya tambaya ko an kai na bakin ƙofa, ita kuma hannunta ya saba da awon mutum uku, ba ta san yadda ake ragewa ba. Ta ce kullum tana sauraron takunsa in ya dawo, tana cewa ko yau zai tsaya. Da arba'in ta cika bai zo ba, da ba ta san abin da za ta yi da shi a zuciyarta ba.

Muntaka ya buɗe baki zai roƙi gafara, ta riga shi. Ta ce kada ya tambaye ta yau, don in ya tambaya za ta ce ta yafe saboda kunya, ita kuma ba ta son ta yi masa irin wannan. Ya bari sai ta ji a ranta.

Madina ta miƙe, farantin a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta fara magana da Hausa ta kasa, ta ƙarasa da Larabci, ta ce ita duk kwanakin nan tausayinsa take ji, har tana ƙara masa miya. Ta shige ɗaki. Washegari kwanon ya zo kamar kullum, amma wata maƙwabciya ce, Luba, ta kawo shi.

Zinariya ta gama takaba a farkon sanyi. Ta ce ba za ta ƙara zama a garin ba. Mijin Madina ya yi ta roƙonta ta koma wurinsu Hindawiyya, ta ce shekara ashirin tana ɓuya in ta ga motar jawazat, masu kama marasa takarda, saboda akwai wanda take ɓuyar dominsa, yanzu ta gaji. Ta raba tukwanenta, ta ɗaure abin da ya rage a jaka biyu. A lokacin masu son a mayar da su gida sukan je ƙarƙashin wata gada ta mota su zauna, har hukuma ta zo ta kwashe su zuwa gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi. Muntaka ne ya ɗaukar mata jaka ɗaya, mijin Madina ɗaya. Wurin haɗari ne ga irin Muntaka, an gaya masa, ya ce ya ji.

Akwai mutane da yawa a ƙarƙashin gadar, wasu sun yi kwanaki a kan kwali, da yara da buhuna. Suka sama mata wuri kusa da wasu mata 'yan Damagaram. Da ya ajiye jakar zai juya, ta kira shi.

"Malam Muntaka, nawa na yafe, duniya da lahira. Nasa kuwa na san shi, da yana nan da ya riga ni." Ta gyara lulluɓinta. "Na Madina ba a hannuna yake ba."

Ya tsaya yana gyaɗa kai. Mijin Madina ya ja hannunsa, don an ce motoci suna hanya. Kwana uku bayan nan Luba ta je kai mata abinci ta tarar an kwashe su. Bayan wata biyu wani mai zuwa Umra ya kawo saƙo cewa ta isa Argungu lafiya, tana wurin ƙaninta.

Muntaka ya ci gaba da aiki a Abhur. Hannunsa ya yi nauyi, ba don tsufa kaɗai ba. Abin da wani zai ɗaure cikin awa guda shi sai ya buɗe ya ga cikinsa, masu gaggawa suka riƙa kai jiragensu wani wuri. Farin jirgin yana nan, duk Alhamis da la'asar yana fita, yakan hango yara suna tsalle daga bayansa suna ihu. Shi da Othman suna gaisawa, amma ba su ƙara zama shan shayi tare ba.

Sau uku ya je Hindawiyya. Na farko aka ce ba ta nan. Na biyu mijinta ya fito ya zauna da shi a zaure, suka yi hirar zafi da tsadar haya har aka kira magariba. Na uku da ƙaramar salla ne, shekara biyu bayan rasuwar, ita da kanta ta buɗe ƙofa, da jariri a kafaɗa. Ta gaishe shi yadda ake gaida babba, ta tambayi lafiyarsa. Ya ce ya zo ne a kan maganar da ta sani.

Ta gyara wa jaririn kwanciya, ta ce, "Ammi, ba yanzu ba."

Ya ce to, Allah ya raya. Ta ce amin. Ya jira ta rufe ƙofa sannan ya juya, ya bi lungun a hankali zuwa bakin titi, inda motocin Karantina suke tsayawa.